Ruwan Tafki da Inna Ta Turara

Babana mutum ne da ba ya iya ganin sabon abu ya wuce shi. Shi ya fara sayen rediyo a ƙauyenmu, can bayan Kutemeshi inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Shi ya fara kai 'ya mace makarantar kwana, wato ni. Kuma a shekarun da gyaɗa ta fara ƙin mutane, da malamin gona ya tara manoma yana neman wanda zai gwada maganin feshi a gonarsa, bai ma rufe baki ba Baba ya miƙe. Aka ba shi famfon goyo da wani farin gari a gwangwani. Ganyen gyaɗar kowa ya yi baƙin tabo ya kakkaɓe, nasa ya tsaya kore shar har kaka. Inna ta ce saura kaɗan ya riƙa shiga masallaci da famfon nan a bayansa.

A ƙasan gonarsa akwai tafkin gari. Da damina ƙorama ke cika shi ta wuce, in ruwa ya ɗauke sai ya zauna shi kaɗai a cikin itatuwa da kifinsa. Ba mai taɓa kifin nan sai bazara, in ruwan ya ja, sarkin ruwa ya sa ranar su, wato ranar kamun kifin gari. Ranar kuwa ba a barin kowa a gida sai marar lafiya. Musulmi da Kirista, mu da mutanen Gbagyi da Fulanin da ke mashekari kusa, kowa da homarsa ko kwandonsa, a faɗa ruwa a yi ta ihu har yamma. Kifin da aka banda a ranar shi ke riƙe miyar gidaje har a ci sabon hatsi.

Sarkin ruwa dattijo ne ɗan Gbagyi, Kirista, kuma abokin Baba tun suna kiwon awaki. Kullum da la'asar yakan zo ƙofar gidanmu su shimfiɗa tabarma su yi ta musu a kan abin da rediyo ya ce. In Baba ya tashi salla sai ya bar masa rediyon, ya dawo ya tarar an sauya tasha, a ɗora sabon musu.

Ranar feshin ƙarshe na daminar nan, Baba ya sauka bakin tafki ya wanke famfonsa tas, ya ɗauraye gwangwanin maganin, ya tuttular a nan. Ba wanda ya taɓa ce masa kada ya yi, kuma mutum ne mai son kayansa fes. Ba a jima ba aka ga ƙananan kifaye sun taso ciki sama a wannan gefen. Mata masu wanki sun ga Baba ranar da ya yi wankin, magana kuwa ba ta kwana. Sarkin ruwa ya ce ba za a yi su a bana ba, kuma ba ranar yinsa, sai an san abin da ke cikin ruwan. Daga ranar bai sake zuwa ƙofar gidanmu ba.

Ni a lokacin ina Zariya, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken noma. Kawuna, ƙanen Inna, direban babbar mota ne mai kawo hatsi, shi ya kawo mini labarin bayan an daɗe ana ɓoye mini. Ya ce Baba ya daina zama a waje, rediyon ma a ɗaki yake kunna shi ƙasa-ƙasa. In ya shiga kasuwa ana amsa gaisuwarsa, amma a gajarce. Yara sun fara wata waƙa. Da na ji maganar waƙar nan sai da na ji kamar in hau motar Kawu a take in je in tattaka su ɗaya bayan ɗaya. Saurin fushi gado ne a wurina, daga Inna na ɗauko shi ban rage komai ba.

Abin da ya hana ni shi ne na san maganin. Da kuza ake haɗa shi, kuzar nan da ake haƙa a Jos, sai dai an ɗaura mata wasu sinadarai har ta zama dafi ga cutar ganye. Kifi da katantanwa ba sa jure masa ko kaɗan. Kuma a ɗakinmu akwai injin da ke iya neman sa a cikin ruwa ko ƙasa ko nama.

Sunan injin da Turanci gas kuromatogiraf, mu dai inji muke cewa, kamar ba wani inji a duniya sai shi. Akwati ne babba mai zafi a ciki, da siririn bututun gilashi a nannaɗe. Za ka tatso abin da kake nema daga ruwa ko laka da wani mai, ka sauya shi da sinadari yadda zai iya zama tururi, ka zuƙi ɗan ɗigo da allura ka tsira a bakin bututun. Iska ta kwashe shi ta yi ciki da shi. Duk abin da ke cikin ɗigon yana da irin tafiyarsa, kamar matan ƙauye in an tashi daga kasuwa, wata ta miƙe gida kai tsaye, wata sai ta tsaya gaisuwa a kowace ƙofa. Wanda duk ya fito ƙarshen bututun, wani alƙalami da ke tafiya a kan doguwar takarda sai ya zana masa tudu. Lokacin fitowarsa ke gaya maka ko wane ne, tsayin tudun kuma ya gaya maka yawansa. Ina son injin nan ƙwarai. Sautin alƙalaminsa a kan takarda har yau yana kunnena.

Na kai maganar gaban shugaban ɗakinmu, wanda muke kira Dakta, mutumin kudancin Zariya ne mai ƙiba da yawan dariya. Ya ce ai dama aikinmu ke nan, a kawo ruwan da lakar a duba. Sai dai aiki ya yi mana yawa a lokacin, ba a ba ni hutun zuwa da kaina ba. Na wanke dogayen kwalabe da ruwan asid, na ɗauraye, na gasa su suka bushe, na haɗa da wasu masu faɗin baki na zuba laka. Na ba Kawu na ce a cika dogayen da ruwan tafki, gajerun da laka, a rufe a kawo. Na ɗauka ba maganar da ta fi wannan sauƙi.

Kawu ya dawo da kwalin a naɗe cikin sabon zane. Na ɗaga kwalba ɗaya na haska a taga, na ga bishiyar da ke waje ta cikinta.

"Kawu, wannan ruwan tafkinmu ne?"

"Shi ne mana. A gabana aka ɗebo."

"Tafkinmu da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha in rani ya yi nisa?"

Ya kama gyara hularsa. Na buɗe murfin, sai ƙamshi ya cika ɗakin. Kajiji ne da saiwar jema, ƙamshin randar Inna sak. Na buɗe masu faɗin bakin. Ɗaya zuma, ɗaya daddawa, sauran dakuwa an danna ta har baki.

"Yaya ta ce a gaya miki," in ji Kawu, yana kallon ƙofa, "ita ba za ta aika wa manyan Zariya ruwa da ƙazanta a ce daga gidanta ya fito ba. Ta tace shi da ƙyalle, ta sa alam ya kwanta, ta wanke kwalaben da sabulu ta turara su. Laka kuwa ta ce wa ya taɓa aika wa mutum laka, kuma ba za ta mayar da kwano wayam ba."

Na buɗe baki zan fara, sai na ji wani sauti a bayana. Dakta ne ya dafe tebur yana dariya har numfashinsa na ɗaukewa. Ya sa yatsa a zumar ya lasa, ya ce tun da yake aiki ba a taɓa kawo masa samfur mai daɗin wannan ba. Sannan ya ce, "Malama, sa mana ɗigo ɗaya a inji, mu ga yadda tarbiyya take a takarda."

Na sa. Alƙalamin nan da muka saba gani yana tafiya a natse ya haukace, ya hau ya sauka ya sake hawa har yana dukan gefen takarda. Hayaƙin kajiji da sabulu da jema duk sun fito suna gaisawa. Sai da muka yini muna gasa bututun kafin ya huce. Dakta ya yanke takardar ya manna a bango, kuma duk sabon ma'aikacin da aka kawo sai an kai shi gabanta an ba shi labarin uwata.

Dariyar ba ta hana ni damuwa ba. Zafi ya fara, ruwan tafki na ja kullum. In aka wuce lokacin su, kifin zai mutu a cikin taɓo tsuntsaye su ci, kuma mutane za su ɗora asarar shekara guda a kan Baba, ko maganin na nan ko ba ya nan. Da na faɗa wa Dakta haka sai ya daina dariya, ya sa aka ba ni motar ofis da akwatin ƙanƙara.

Muka bi ta Kaduna muka kama hanyar Birnin Gwari. Ina son hanyar nan a wannan lokaci na shekara. An ƙone ciyawa, amma doka da maje sun fitar da sabon ganye jajaye masu sheƙi, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Birai suka tare mana hanya a wani kwari, babbansu ya zauna a tsakiyar kwalta yana sosa ciki sai da ya ga dama ya tashi. A kasuwar Birnin Gwari na sayi mangwaro da goro, muka saki kwalta muka shiga hanyar ƙasa.

Na shiga gida da faɗana a baki. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Sun ji daɗin zumar?"

"Inna, ruwa na ce a aiko mini yadda yake."

"To ba ruwan na aiko ba? Na ƙara masa wani abu ne ban da tsabta?"

"Tsabtar ce ta ɓata shi."

"Oho. Yau kuma tsabta ce ke ɓata abu. Karatun ke nan."

Na zauna a kan turmi na sassauta murya, don in muka hau sama mu biyu ba mai saukowa. Na ce mata maganin nan ba ya son zama cikin ruwa, laka yake kamawa ya manne. Duk ɗan datti da ke yawo a ruwan, a jikinsa yake. Da ta sa alam dattin ya kwanta ta zubar, abin da muke nema ta zubar.

Ta ajiye rariyar. Can ta ce, a hankali, "Wato da ban sa turaren ba, da injin naku bai ga komai ba, da an wanke shi?"

"Da bai gani ba, Inna."

"To ke wace irin 'ya ce? Ki koma da wani mana, in tace miki ba turare."

Ban san Baba na jinmu ba sai da labulen ɗakinsa ya motsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, sannu da hanya," ya ce. Ya juya wajen Inna. "Yara ne za su ci kifin nan, har da jikokinki. Gobe zan kai ta daidai inda na wanke famfon, ta ɗebi lakar wurin."

Inna ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi, gari na tashi. Amma tuwon da ta yi mana ranar har da man shanu.

Ba a shiga tafki in an rufe shi sai da sarkin ruwa, don haka da safe aka aika masa. Ya zo da homarsa a kafaɗa, ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi Zariya da aiki, bai dubi inda Baba yake ba. Muka kama hanya cikin itatuwa, shi a gaba, ni a tsakiya da kwalin kwalabe a ka, Baba a baya. Tsofaffi biyu da furfura, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, amma ni ce gidan waya.

"'Yata, gaya wa babanki ya kula da ƙaya a nan, tunda ba ya duban gabansa."

"Uwata, ce masa na riga shi sanin hanyar nan."

"Ce masa sanin hanya daban, sanin inda ake wanki daban."

Na ji tausayin Baba, kuma dariya na cina, na rasa wanda zan yi.

Tafkin ya ja sosai, ruwan ya yi kauri ya koma kalar kunun kanwa. Baba ya tsaya a gindin wani marke ya nuna da sandarsa. "Nan ne. A kan wannan dutsen na ɗora gwangwanin." Wurin har ya fara tsagewa. Na tattare zanena na durƙusa na ɗebi lakar da cokalin ƙarfe, baƙa mai wari, na danna a kwalba. Sannan na bi sarkin ruwa cikin tafkin, laka na cafke mini ƙafa, na ɗebi ruwa da taɓo a tsakiya da ɗaya gefen da mashigar ƙorama. Ya jefa homarsa ya kamo mini tarwaɗa da karfasa, ya riƙe su yana juyawa kamar ba ya son rabuwa da su.

"Sun yi ƙiba bana," ya ce, ba da ni yake ba.

Da za mu tafi, Inna ta zo bakin mota da tsumma a hannu. Ta dubi kwalaben nan da laka ta ɓata musu jiki, fuskarta kamar an ce ta fita kasuwa ba mayafi.

"Ko bayansu ba za a goge ba?"

"Bayan kawai, Inna. Kada ki taɓa murfi."

Ta goge su ɗaya bayan ɗaya, tana gunaguni a kan abin da za a ce da ita a Zariya.

Aikin ya ɗauke mu kwanaki. A niƙa naman kifi, a girgiza laka da mai, a tace, a ƙafe, a sauya. Da farko muka tsira wa injin maganin kansa, wanda muka auna da hannunmu, don mu ga inda tudunsa ke fitowa, na sa alama da fensir a gefen takarda. Muka tsira man da ba komai a cikinsa don mu tabbata ba mu ne muka kawo datti ba. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, bututu ya huce, muka zauna muna cin dakuwar Inna har aka dawo da ita.

Ruwan tsakiya, alƙalami ya zo kan alamar fensir ya wuce a miƙe. Ruwan gefe haka. Tarwaɗa haka, karfasa haka, lakar tsakiya da ta mashiga haka. Kowane ya wuce sai in ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na bar lakar gindin marke a ƙarshe da gangan, don tsoronta nake ji. Na so babana ya fita fes, wallahi na so. Na tsira allurar na tsaya a kan takardar ina kallon alƙalamin na matsowa. Da ya iso kan alamar sai ya ɗan ɗaga, ya yi wani ɗan tudu da bai kai faɗin farce ba, ya sauka ya ci gaba da tafiyarsa.

Na sake tsirawa. Ya sake fitowa a wurin.

Dakta ya zo ya tsaya kusa da ni, ya daɗe yana kallo. Ya ce yana nan, amma kaɗan ne, kuma a wuri guda. Rana da watanni sun cinye mafi yawansa. Ya ce injin yana da iyakar abin da yake gani, amma tunda bai ga komai a ruwa da kifi ba, shi zai ci kifin nan ya ba 'ya'yansa. Shawararsa ita ce a kankare lakar wurin a kai nesa da ruwa a binne kafin damina, kuma kada a sake wanke famfo a tafki. Na ce masa to ƙananan kifayen da suka mutu fa? Ya ce inji ba ya ba da shaidar abin da ya faru watanni baya, amma ni da shi mun san abin da maganin ke yi wa kifi. Na naɗe takardun na ce zan kai da kaina.

Da na isa gida, Baba na ganin fuskata ya ɗaga hannu. "Kada ki gaya mini ni kaɗai. A kira shi, mu ji tare."

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, sarkin ruwa ya zauna a can bakinta, mutane suka taru a tsaye. Na warware takardun na danne da duwatsu. Na nuna musu layin ruwa da na kifi a miƙe, na faɗi abin da hakan ke nufi. Sannan na ɗora yatsa a kan ɗan tudun.

"Wannan lakar inda Baba ya yi wanki ce. Maganin yana nan."

Baba ya sunkuya ya dubi ɗan tudun nan sosai, kamar mai duban fuskar wanda ya daɗe yana jin labarinsa. Ya ɗago ya ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji, "To jama'a, kun ji. Ni ne. Ban sani ba, amma ni ne. Ku yafe mini."

Sarkin ruwa bai dube shi ba. Ni ya tambaya. "Kifin zai ciwu?"

"Zai ciwu, in an kwashe lakar nan."

Ya tashi ya kaɗe wandonsa ya tafi.

Washegari da sassafe Baba ya ɗauki shebur da kwanon sarki ya sauka gindin marke shi kaɗai, ya hana ni binsa. Ban ji maganarsa ba, na bi shi. Yana haƙa, ina kaiwa wani rami can kan tudu. Rana ba ta yi zafi ba sai ga matan Gbagyi sun ɓullo ta cikin itatuwa da ƙorensu, suka fara ɗora laka a kafaɗa. Sai ga samari da fartanya. Sai ga Inna da tulun kunu, tana faɗa wa kowa cewa ba haka ake riƙe shebur ba. Kafin azahar har waƙa ake yi, kuma ba waccan waƙar ba. Da yamma mai shela ya zaga gari ya ce za a yi su ranar Asabar.

Na roƙi Dakta ta bakin direban motar ofis ya bar ni in tsaya, na tsaya kafin amsa ta zo.

Ranar Asabar bakin tafki ba masaka tsinke. Makaɗa sun zo, 'yan mata sun kafa tukwanen ƙosai, Fulani sun kawo nono. Kowa ya ɗaure ɗamara ya jeru a bakin ruwa da homa a sama, ana jiran sarkin ruwa ya fara shiga. Baba ya ce shi ba zai shiga ba bana, bai ga fuskar da zai shiga da ita ba. Ya sa farar rigarsa ta zuwa Juma'a don kada ma wani ya matsa masa, ya tsaya can baya a kan tudu, hannuwa a goye.

Sarkin ruwa ya shiga har gwiwa, ya yi addu'arsa da yarensu, liman ya yi tasa. Saura ya buga ruwa da homa kowa ya faɗa. Ya ɗaga ta sama, ya tsaya. Ya juya yana duban jama'a har idonsa ya kai kan tudu.

"Kai mai gyaɗa!" ya ƙwala. "Uban wa kake jira ya kama maka? Ka ga na tsufa, homar nan ta fi ƙarfina. Sauko ka riƙe mini gefe!"

Baba ya waiga bayansa, ko da wani ake. Mutane suka fashe da dariya suka buɗe masa hanya. Ya fara saukowa a hankali, yana neman tuɓe rigar, sai kawai ya fasa, ya tattare ta ya ruga kamar yaro ya faɗa ruwan da ita. Homa ta bugi ruwa da hannuwansu su biyu, gari duka ya afka da ihu, na daina ganinsa.

Can sai ga shi ya ɓullo daga tsakiyar mutane, baƙi ƙirin tun daga wuya har ƙasa, hula ta tafi, ya rungume wata ƙatuwar tarwaɗa a cikin rigar tana dukan ƙirjinsa da jela. Yana waige-waige yana nemana.

"Uwata! Uwata, zo ki gani!"

Na tsaya a bakin tafki da takalmin ofis ina kuka, matan da ke kusa da ni suka ɗauka dariya nake yi, suka taya ni.